Yadda ake ɗauko karyar da aka ceto daga gonar kwiyakwiyi, daga hannun mai riƙo zuwa gidanka

Tun ranar da abokai suka zo min ziyara suka tarar da karyata Sannu kwance a bakin ƙofar baya tana shan hantsi ban huta da tambaya ba, wasu da mamaki wasu da faɗa, wai Bahaushe da kare, kuma ma ba kwikwiyo ba, tsohuwar karya wadda rabin haƙoranta babu. To bari in zauna in yi bayanin gaba ɗaya, don na san akwai 'yan uwa a nan Amurka da yaransu suka tasa su gaba sai an kawo kare gida, kuma abin da ya fi sauƙi shi ne mutum ya shiga shago ya zube kuɗi ya ɗauko kwikwiyo mai kyau cikin gilashi bai taɓa tambayar ina uwarsa take ba.

Uwar tana gonar kwiyakwiyi. Ka ɗauka gidan kaji ne, amma maimakon kaji karnuka ne a keji jere da juna, wani lokaci wani kan wani, aikin macen kawai ta haihu, ciki na kwana 63 ko kusa da haka, a kwashe 'ya'yan a kai kasuwa, da ta sake neman namiji a sake haɗa ta. Kuma fa da yawansu da lasin suke. Dokar kula da dabbobi ta 1966 wadda ma'aikatar noma ta Amurka ke sa ido a kanta ta yarda keji ya zama tsawon karen a ƙara inci 6 kawai, a tsawo da faɗi, sama ma inci 6 daga kansa, shikenan, a haka dabba za ta iya ƙare kusan duk rayuwarta ba a karya doka ba. Jihar Missouri ce ta yi ƙaurin suna, akwai su a Iowa, da yankin Lancaster a Pennsylvania, da yankin Holmes a nan Ohio. Kalifoniya ta hana shaguna sayar da irin waɗannan kwiyakwiyi tun 2019, New York ta bi a ƙarshen 2024, Ingila ma ta yi tata dokar a 2020 wadda aka sa wa sunan wata karya Lucy da aka ceto daga irin wannan gona a Wales. Idan macen ta tsufa haihuwa ta ragu sai a kai ta gwanjo ko a miƙa wa masu ceto, su kuma su ba wani ya riƙe ta a gidansa kafin a samu mai ɗauka. Riƙo dai irin wanda muka sani, kamar yadda ake ba gwaggo yarinya.

Mataki na farko ba a intanet yake ba, a cikin gidanka yake. Ka zauna da iyalinka ku faɗa wa juna gaskiya. Mu mun taso kare a waje yake, na farauta ne ko na gadi, kuma akwai hadisan da kowa ya sani kan ajiye kare, akwai kuma saɓanin malamai kan yawunsa inda Malikiyya suka fi sassauci, wannan ba fagena ba ne, ka je wa malaminka tun kafin ka cika fom. Abin da na sani shi ne masu ceto ba za su ba ka irin wannan karen ka ɗaure shi a waje ba, a takardar yarjejeniya ma suke rubutawa, kuma da sanyin Ohio ko Minnesota ai kisa ne. Ni abin da muka yi, ɗakin wanki da lungun da ya fita bayan gida nata ne, ɗakin da muke sallah da ɗakunan kwana an sa ɗan shinge ba ta shiga, kwanonta daban soson wankinsa daban. Idan ka ga gidanka ba zai ɗauki haka ba, ko mai ɗakinka ba ta so ko kaɗan, ka haƙura kawai, kana iya taimaka musu da kuɗin magani ko ɗaukar karnuka a mota zuwa asibiti. In gidan haya kake ka duba takardar hayar, don za su kira mai gidan su tambaya.

Daga nan sai neman ƙungiya. Shafin Petfinder da Adopt a Pet nan ne yawancinsu ke saka karnukan da ke hannunsu, ka sa lambar yankinka ka duba. Akwai waɗanda wannan ne kaɗai aikinsu, misali National Mill Dog Rescue da ke Colorado, wata mata Theresa Strader ta kafa a 2007 bayan ta sayo wata karya mai suna Lily a gwanjo a Missouri, wadda muƙamuƙinta na ƙasa ya riga ya ruɓe saboda rashin kulawa. Amma ka buɗe ido, akwai 'yan kasuwa da suka koyi sa rigar masu ceto. Wanda kullum kwiyakwiyi 'yan wata biyu ne a hannunsa, masu tsada, babu tsoho ko ɗaya, bai tambaye ka komai ba sai yaushe za ka turo kuɗi, kuma ya ce ku haɗu a wurin fakin na wani kanti, wannan ka ja da baya. Masu ceton gaskiya sai sun gajiyar da kai da tambaya.

Fom ɗin yana da tsawo, ka ba shi awa guda. Su waye a gidan, yara shekarunsu nawa, awa nawa kake yi a wajen aiki, bayan gidanka da shinge ko babu, tsayinsa nawa, ka taɓa riƙe dabba, wane likitan dabbobi za ka riƙa zuwa, sai mutum biyu ko uku da za su tsaya maka. Kar ka yi ƙarya don a ba ka karya. In ba ka taɓa riƙe kare ba ka rubuta haka, sun fi son su sani su zaɓa maka wadda ta ɗan waye. Wasu ƙungiyoyin ma ba sa ba da irin waɗannan sai gidan da akwai wani kare mai natsuwa, dalili kuwa ita ba ta yarda da mutum ba amma ta san 'yan uwanta, in ta ga wancan ya zo ya karɓi abu a hannunka bai mutu ba sai ita ma ta gwada. Bayan fom za su zo ganin gida ko su ce ka zagaya da waya ta bidiyo. Kuɗin ɗauka yawanci 'yan ɗaruruwan daloli ne, kuma in ka lissafa abin da suka kashe mata a asibiti za ka ga ba riba suke ci ba.

To yanzu ga wurin da nake so ka fi ba ƙarfi, hira da mai riƙo. Duk abin da aka rubuta a intanet talla ce, wadda karyar ta kwana a gidanta wata biyu ita ta san gaskiya. Ka kira ta da takarda da biro a hannu. Wace irin cima take ba ta, wane kamfani, sau nawa a rana, tana ci in mutum na tsaye ko sai an fita an bar ta? A ina take kwana? Ta iya hawa matakala? Ta taɓa tafiya da igiya? In an miƙa hannu me take yi, daskarewa ko gudu ko cizo? Maza ta fi tsoro ko mata? Wane ƙara ne ke firgita ta? Fitsari da kashi ina aka kwana? Ta taɓa ƙoƙarin guduwa, ta ina? Matar da ta riƙe Sannu, wata dattijuwa ce mai ritaya, ita ta gaya min abin da babu a kowace takarda, wai in namiji ya sa hula ya shigo sai ta saki fitsari a tsaye. Ni kuwa da hula nake yini. Wata guda cur na yi ina cire hula a bakin ƙofa kamar mai shiga gaban alƙalin Turawa. Ka roƙe ta bargon da karyar ke kwana a kai, kar a wanke, da ɗan ragowar abincin da ta saba.

Ranar da za ka je ganinta kar ka sa ran za ta rugo tana kaɗa jela. Mai yiwuwa ta shige ƙarƙashin teburi ta juya maka ƙeya. Ka zauna a ƙasa, ka ba ta gefe, kar ka zuba mata ido don a wurin kare wannan barazana ce, ka ci gaba da hira da mai riƙon kamar ba don ita ka zo ba. In ta zo ta sansana takalminka ta koma to an yi nasara. Yara a gaya musu tun a mota, ba gudu ba ihu ba runguma.

Kafin ta zo ka gyara gida. Ɗaki ɗaya ko lungu ɗaya mara hayaniya, kar ka sake mata gidan gaba ɗaya, wadda ta yi shekara shida a wurin da bai fi tabarmar sallah ba falo ma fili ne mai ban tsoro. Ka sa keji amma ƙofarsa a buɗe ko a cire ta ma, a rufa masa zane, wasu nan suke samun natsuwa don shi suka sani, wasu kuma ko ganinsa ba sa so, mai riƙo za ta gaya maka. Tayil da katako masu santsi ka shimfiɗa musu kafet, ƙafar da ta saba da taka wayar keji ba ta san santsi ba. Matakala ka tare ta da shingen yara. Ka zagaya shingen bayan gida da kanka ka durƙusa ka duba, duk ramin da hannunka ya shiga to ka toshe. Sayayya kuma: abin wuya irin wanda ke ɗan tsukewa in ta ja da baya, ana ce masa matingel, da ɗamarar ƙirji, da igiya biyu, ba irin mai zuƙewa cikin roba ba don in ta suɓuce ta faɗi ƙasa ƙarar na binta a baya tana ƙara gudu. Sai ɗan ƙarfe mai lambar wayarka a wuya, da shimfiɗar fitsari, da ruwan wanke fitsari mai kashe wari na musamman, sabulun gida ba ya cire warin a hancinta, gobe nan za ta koma. Albasa, tafarnuwa, inabi, zabibi, cakulan, da cingam mai zaƙin zailitol duk guba ne a gare ta, mu kuwa miyarmu albasa ce, don haka ba a ba ta ragowar tuwo da miya.

Ranar ɗauko ta ka zaɓi lokacin da za ka yi kwana biyu ko uku a gida. A sa mata ɗamara da abin wuya tun a cikin gidan mai riƙo ƙofa a rufe, igiya ɗaya a wuya ɗaya a ƙirji, a sa ta a keji, a ɗauki kejin zuwa mota. Kar ka tsaya a hanya wai ta sha iska. In kun iso ka shiga da kejin har lungunta, ka rufe ƙofofi, ka buɗe, ka tashi ka ba ta wuri. A takardun da za a ba ka akwai lambar ɗan ƙwayar da ake sa musu ƙarƙashin fata, girmansa kamar ƙwayar shinkafa, ka tabbata a daren nan an mayar da rajistarsa da sunanka da lambarka. Ba ya nuna inda take fa, sai in an tsince ta an kai asibiti an haska.

Kwanakin farko aikinka shi ne kar ka yi komai, kuma wallahi ya fi komai wuya. Ka ajiye abinci ka fita. Sannu sai da ta yi kwana biyu ba ta ci da rana ba, cikin dare muna kwance nake jin ƙarar kwano. In ta wuce kwana biyu ba ta ci ba, ko kuma ka ga ruwa ma ba ta sha, to kira likita. Kullum lokaci ɗaya na abinci, lokaci ɗaya na fita bayan gida, hanya ɗaya, murya ƙasa-ƙasa. Da yamma ka zauna nesa da ita da wayarka ko littafi, ka ɗan riƙa jefa mata tsokar kaza dafaffiya ba gishiri, ba ka kallonta, yau kusa da ita, jibi ɗan kusa da kai, haka har ranar da za ta miƙo wuya ta ɗauka a tafinka ƙafafun baya na can a shirye don gudu. Namu ya ɗauki kusan sati uku. Kar ka kawo hannu ta saman kanta, a gona ta wuya ake cafko su, in lokacin taɓawa ya yi ka fara da ƙirji ko gefen kafaɗa, daƙiƙa uku ka janye, in ta matso ka ƙara in ta kauda kai ka bari. Kuma in ka ɗauke ta ta yi tsit ba motsi kar ka ce ta saba, tsoro ne ya daskarar da ita. Masu ceto na yawan cewa kwana 3, sati 3, wata 3, wato na sauka, na sabo, na zama ɗan gida, amma wannan lissafin kare ne na yau da kullum, na gona ka ninka. Wani bincike da likitan dabbobi Franklin McMillan da abokan aikinsa suka fitar a 2011 kan karnuka 1,169 da aka fitar daga irin waɗannan wurare ya nuna tsoronsu ya fi na sauran karnuka nesa ba kusa ba, ga ɓata gida, ga wuyar koyo, amma faɗansu bai kai na sauran ba. Abin da na gani kenan, ba ta taɓa yi min gurnani ba, rawar jiki dai kamar mazari.

Sunan ma daga nan ya fito. Lamba ce da ita a gona, mai riƙo ta sa mata wani sunan Turawa da ba ta amsawa, ni kuma duk na wuce sai in ce sannu, sannu, har yara suka ɗauka.

Maganar guduwa, dan Allah ka ji ni da kyau. A kwana na tara mai kawo saƙo ya ƙwanƙwasa, ƙaramin ɗana ya buɗe ƙofa, kafin in ce wani abu ta wuce ta tsakanin ƙafafunsa kamar iska. Na yi kuskuren da kowa ke yi, na bi ta da gudu ina kira, ita kuma a ganinta farautarta ake. Da na kira mai riƙon ta ce ka tsaya, ka koma gida, ka bar ƙofar baya a buɗe, ka fitar da bargonta da kwanonta, ka gaya wa maƙwabta in sun gan ta su kira ka kar su bi ta. Ita ta zo da nata karen da Sannu ta saba da shi, bayan magariba muka hango idanu biyu ƙarƙashin dakalin katakon maƙwabci, karen ya je ya kwanta kusa, can sai ta fito ta biyo shi. Tun daga ranar ƙofa biyu ce tsakaninta da titi, kuma ko a bayan gida mai shinge sai da ta yi wata biyu tana jan doguwar igiya. Daren 4 ga Yuli da na sabuwar shekara da ake wasan wuta, ka fita da ita tun da haske ka rufe ta ciki.

Kashi da fitsari sai haƙuri, a keji inda take kwana nan take yi, ba wanda ya taɓa nuna mata akwai bambanci. Ka fita da ita da asuba, bayan kowane abinci, bayan barci, da kowace awa biyu zuwa uku, wuri ɗaya, ka tsaya shiru, in ta yi ka yaba a hankali ka ba ta kaza nan take. Ciyawa ma baƙuwa ce a wurinta, za ka ga tana ɗaga ƙafa kamar ta taka wuta. In ta yi a ɗaki ka goge kawai, duka ko tsawa ko dangwara mata hanci zai koya mata ta ɓuya ne ta yi a bayan kujera. Wasu suna cin kashinsu, abin ƙyama ne amma sabon keji ne, ka riƙa kwashewa da wuri.

A satin farko ko na biyu ka kai ta wurin likitanka da duk takardunta, ka gaya musu tun a waya cewa daga gona take don su ba ka lokacin da babu cunkoso. Yawanci masu ceto sun riga sun cire mata mahaifa sun yi mata allurar haukan kare da sauran rigakafi, amma a sake duba baki don ruɓewar haƙori ita ce babbar matsalarsu, a duba nono ko akwai ƙulli tunda ta sha haihuwa, kunne, ido, gwiwa, tafin ƙafa, zuciya, da gwajin tsutsar zuciya wadda sauro ke yaɗawa, a ɗora ta kan maganin wata-wata da na ƙuma da kaska. In za ka canja mata abinci ka yi cikin kwana 7 zuwa 10 kana gaurayawa, in ba haka ba zawo. In tsoron ya hana ta ci da barci ka faɗa wa likita, akwai magungunan da suke bayarwa, amma kar ka ɗauki naka na ɗan adam ka ba ta. Ka ware kuɗi, aikin haƙori a ƙasar nan ba wasa ba ne.

Yawo a titi shi ne na ƙarshe, ba gaggawa. Ta fara jan igiya a ɗaki, sannan ka riƙe ka bi ta inda ta nufa, sannan bayan gida, sannan bakin titi da sassafe kafin motoci su fito. Baƙi kuma, mu da ba a rasa mu da baƙi, ka gaya musu su yi kamar ba su gan ta ba, ranar suna ko taron sallah ka kai ta ɗaki na ciki ka rufe.

Lambar mai riƙo kar ka goge ta. Kusan duk yarjejeniyar ta ce in abin ya gagara su za ka mayar wa, ba ka ba wani ba, ba ka kai gidan dabbobin gwamnati ba, kuma sun fi son ka kira tun matsala na ƙarama. Ni har yanzu ina tura mata hoto, na baya-bayan nan shi ne na ranar da Sannu ta ɗauki ƙwallon yara a baki, wata na takwas kenan, ta tsaya tsakar ɗaki da shi ba ta san me ake yi da shi ba, ta kai shi kejinta ta kwanta a kai.